CIWON KUNNE GA YARA: MAFARINSA DA HANYAR MAGANCE SHI

Jawabi domin iyaye, malaman makaranta da shugabannin jama'a



Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, gama ta kunne mutum yake jin labarin abin da ya auku tun ba a haifi kakansa ba. Ta kunne jariri yake shaida muryar uwarsa, ta nan yake koyon magana, ta nan kuma yaro yake ɗaukar karatu, ko na allo ko na boko. Saboda haka duk abin da ya taɓa kunnen yaro ya taɓa bakinsa, ya taɓa iliminsa, ya kuma taɓa zamansa cikin mutane har girmansa.

Wannan jawabi ya shafi wani ciwo ne wanda da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga ba, watau ciwon tsakiyar kunne. Mafi yawan yara sukan yi shi aƙalla sau ɗaya tun suna ƙanana, galibi kuma yakan warke ba tare da ya bar lahani ba. Amma yawan nan nasa shi ne ya sa aka raina shi. A birni da ƙauye akan ga yaro yana wasa, mugunya na tsiyaya daga kunnensa, ƙudaje na biye da shi, manya kuwa su ce ai na ƙuruciya ne, in ya girma zai bari. Wannan magana ta jawo wa yara masu yawa raunin ji, waɗansu ma ta yi sanadin ajalinsu. A wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2004 an ƙiyasta cewa mutane tsakanin miliyan 65 da miliyan 330 ne ke fama da kunne mai zubar da mugunya a duniya, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 daga cikinsu jinsu ya ragu ƙwarai. Mafi yawansu tun suna yara abin ya fara.

YADDA KUNNE YAKE

Ba a gane ciwon sai an san inda yake zama. Kunne kamar gida ne mai sassa 3. Sashe na farko shi ne zaure, watau fatar kunne da ake gani a waje, da ramin da ya shiga ciki. A ƙarshen ramin akwai wani tantani siriri, a ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Shi ne waɗansu ke kira dodon kunne. Ya rufe ramin ruf, ba abin da ke wuce shi muddin yana da lafiya.

Bayan tantanin akwai wani ɗan ɗaki cike da iska, wanda bai wuce girman ƙwayar gurjiya ba. Wannan shi ne tsakiyar kunne. A cikinsa akwai 'yan ƙasusuwa 3 a jere, ɗaya daga cikinsu shi ne mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam. In sauti ya bugi tantanin sai ya kaɗa, ƙasusuwan su karɓi kaɗawar su miƙa ta ga sashe na uku, watau ƙuryar kunne, inda wani abu mai siffar katantanwa yake mai da ita saƙo zuwa ga ƙwaƙwalwa.

To, ɗakin nan na tsakiya yana da wata 'yar hanya da ta taso daga cikinsa ta ɓulla a bayan hanci, can saman maƙogwaro. Likitoci sun sa mata sunan Bartolomeo Eustachi, wani masanin jikin ɗan Adam na ƙasar Italiya wanda ya bayyana ta a ƙarni na 16. Aikinta kamar na rariyar gida ne: ta nan iska ke shiga, ta nan kuma danshi ke fita. Duk wanda ya taɓa hawan tudun Jos a mota, ya ji kunnensa ya toshe, da ya haɗiyi yawu kuma ya ji ya buɗe, to, ya ji aikin wannan rariya.

Rariyar babban mutum tsawonta kamar milimita 35 ne, kuma a gangare take, ruwa na sauka ta cikinta ba wuya. Ta jariri kuwa wajen rabin haka ce, ga ta a kwance, ga ta da laushi. Shi ya sa take saurin toshewa, ƙwayoyin cuta kuma suke saurin bin ta su hau. Sai yaro ya kai wajen shekara 7 take kusan zama irin ta manya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ciwon ya fi kama yara, musamman daga wata 6 zuwa shekara 2.

YADDA CIWON KE FARAWA

Kusan kullum mura ce mafari. In mura ta kama yaro, cikin hancinsa da maƙogwaronsa sukan kumbura, bakin rariyar ya toshe. Daga nan iska ta daina shiga, ruwa ya taru a tsakiyar kunne. Kowa ya san abin da ke faruwa in rariya ta toshe da damina: ruwa ya kwanta a tsakar gida, ya ruɓe. Haka nan ƙwayoyin cuta da ke zaune a bayan hanci sukan sami wannan ruwa su hayayyafa a ciki, har ya zama mugunya. Mugunyar ta cika ɗakin, ta rasa mafita, ta dinga tura tantanin. Wannan turawa ita ce azabar da ke hana yaro barci.

Ƙwayoyin cutar iri biyu ne. Akwai irin waɗanda ke kawo mura, da ake kira bairos, waɗanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi musu kome. Akwai kuma waɗanda ake kira bakteriya, cikinsu har da wadda ke haddasa ciwon huhu na nimoniya da wani nau'in sanƙarau. Sau da yawa iri biyun sukan haɗu a kunne guda.

Daga wannan bayani za a ga cewa ciwon daga ciki yake tasowa, ba daga waje ba. A wurare da dama akan ɗora wa uwa laifi, a ce ta bar nono ya ɗiga a kunnen ɗanta shi ya sa ya ruɓe, ko a ce ruwan wanka ne ya shiga. Muddin tantani bai fashe ba, nono ko ruwan da ya shiga ta waje ba shi da hanyar kaiwa tsakiyar kunne. Haka kuma akan ce haƙori ne. Gaskiyar magana ita ce lokacin fitar haƙora ya zo daidai da lokacin da ciwon ya fi yawa. Haƙori ba ya sa mugunya a kunne, kuma jiran fitowarsa ɓata lokaci ne.

ABUBUWAN DA KE ƘARA JAWO SHI

1. Yawan mura, musamman da hunturu, lokacin sanyi da ƙura.
2. Hayaƙi, ko na itacen girki ko na taba. Uwa mai girki a ɗakin da ba taga, da goyo a bayanta, hayaƙin da take shaƙa shi ɗan yake shaƙa.
3. Cunkoso a ɗakin kwana, inda mura ke zagaya yara ɗaya bayan ɗaya.
4. Hana jariri nonon uwa, ko yaye shi da wuri.
5. Shayar da jariri da bulumboti yana kwance rigingine, da yi masa ɗura ana toshe masa hanci. Duka biyu sukan sa abin da ake ba shi ya bi ta bayan hanci ya kai bakin rariyar.
6. Ƙyanda, da tamowa, da duk wani ciwo da ke karya ƙarfin jiki.
7. Girman wata tsoka da ke bayan hanci, wadda kan sa yaro minshari da numfashi ta baki.
8. Haihuwar yaro da rufin baki a tsage.

ALAMUN CIWON

Yaron da ya iya magana zai ce kunnensa na ciwo, ko ya ce ya toshe. Jariri kuwa ba shi da baki sai kuka. Abin da za a lura da shi shi ne, bayan kwana biyu ko uku da fara mura, sai ya shiga kuka ba ƙaƙƙautawa, musamman da dare in an kwantar da shi. Jikinsa ya yi zafi. Ya kama nono ya saki da kuka, domin haɗiya na ƙara masa zafin. Wani yakan dinga jan kunne ko murza shi, wani ya yi amai ko gudawa. Jan kunne shi kaɗai, ba kuka ba zazzaɓi, ba lalle ba ne ciwo, gama jarirai sukan yi wasa da kunnuwansu.

Ba mai iya tabbatar da ciwon da ido kawai. Sai malamin asibiti ya leƙa da fitilar duba kunne ya ga ko tantanin ya yi ja ya kumburo. Har wa yau, tun da yake zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa a ƙasar nan, wajibi ne a yi wa yaro mai zazzaɓi gwajin jini, a kuma duba kunnensa. Akan sami yaro ya sha maganin zazzaɓin sauro sau biyu ko uku a banza, alhali ciwon a kunne yake. Akan kuma sami mai ɗauke da duka biyun.

SA'AD DA KUKA YA TSAYA

Nan ne wurin da ya fi kowane muhimmanci a wannan jawabi. In mugunya ta matsa wa tantani ƙwarai, yakan fashe. Da fashewarsa sai zafin ya sauka, zazzaɓi ya yi sauƙi, yaron da ya kwana biyu yana ihu ya yi barci mai nauyi. Da gari ya waye a ga ruwa fari ko rawaya, wani lokaci da ɗan jini, ya ɓata matashi. Sai hankalin mutanen gida ya kwanta, a ce ciwo ya fito, an huta.

Ba a huta ba. Abin da ya faru shi ne ƙofar da ke tsare tsakiyar kunne ta ɓalle. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga wannan rana ruwan wanka, da ruwan kududdufi, da ƙura, da ƙuda, da duk abin da aka ɗiga a kunnen, suna da hanya kai tsaye zuwa ciki. In an kula da kunnen tun a kwanakin farko, mugunya takan ƙafe, tantanin kuma galibi ya haɗe da kansa cikin 'yan makonni. In an yi sakaci, sababbin ƙwayoyin cuta masu taurin kai sukan shiga su zauna, hujin ya ƙi rufewa, kunnen ya dinga zuba wata da watanni, har shekaru, yana wari, 'yan ƙasusuwan nan suna lalacewa a hankali.

Saboda haka ma'aikatan lafiya sun sa iyaka: kwana 14. Kunnen da bai kai kwana 14 yana zuba ba, sabon ciwo ne, maganinsa da sauƙi. Wanda ya kai kwana 14 ko ya wuce ya zama tsohon ciwo, maganinsa dabam ne, ya kuma fi wuya. Ranar da aka fara ganin mugunya, ranar ce ta zuwa asibiti, ko da yaro yana wasa yana dariya.

ALAMUN HATSARI

Tsakanin tsakiyar kunne da ƙwaƙwalwa ɗan siririn ƙashi ne kawai. Jijiyar da ke motsa fuska kuma ta nan ta ratsa. Don haka in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a garzaya babban asibiti nan take, ko dare ko rana:

1. Kumburi mai zafi a bayan kunne, har kunnen ya turo gaba. Alama ce ciwon ya shiga ƙashi.
2. Sanƙarewar wuya, ko matsanancin ciwon kai, ko kumburin maɗigar jariri.
3. Jijjiga, ko suma, ko barcin da ba a iya ta da yaro daga gare shi.
4. Karkacewar baki, ko ido guda ya ƙi rufuwa.
5. Jiri da tangaɗi, ko amai ba tsayawa.
6. Ƙin shan nono ko ruwa sam.
7. Sarƙewar haƙora da sandarewar jiki. Kunne mai zuba yana daga cikin ƙofofin da wannan mugun ciwo ke shiga jikin yaran da ba a yi musu rigakafinsa ba.
8. Kowane irin zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata 3 ba.

MAGANI

Abu na farko shi ne a rage wa yaro zafi. Farasitamol ya isa wannan aiki, ana kuma auna shi ne bisa ga nauyin yaro: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa 6, kada a wuce sau 4 a yini da dare. Yaro mai kilo 10 ke nan zai sha tsakanin miligiram 100 da 150. Malamin asibiti zai nuna yawan da ya dace a cokalin awo. Kada a ba yaro asfirin. Ana iya ɗora tsumma mai ɗumi a bayan fatar kunnen, a ci gaba da ba shi nono, wanda aka yaye kuma a ba shi ruwa da abinci.

Abu na biyu shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa ƙananan asibitoci a 2014 domin kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5, yaro mai sabon ciwon kunne akan ba shi amoksisilin na kwana 5, a komo da shi a duba bayan kwana 5. Likita na iya tsawaita kwanakin ga ƙaramin yaro. Wanda ya fi bukatar wannan magani ba da jinkiri ba shi ne jaririn da bai kai wata 6 ba, da ɗan ƙasa da shekara 2 wanda ciwon ya kama kunnuwansa biyu, da wanda kunnensa ya fashe, da mai zazzaɓin da ya kai digiri 39, da mai tamowa.

Amma ba kowane ciwon kunne ke bukatarsa ba. Yaron da ya wuce shekara 2, ciwonsa bai tsananta ba, jikinsa kuma da ƙarfi, sau da yawa yakan warke da kansa cikin kwana 2 ko 3. Don haka likita na iya ba da maganin zafi kaɗai, ya ce a dawo in ba a ga sauƙi ba. Wannan ba rowa ba ce, ba kuma rashin sanin aiki ba ne. Shan antibayotik ba bisa bukata ba yakan kawo gudawa da ƙuraje, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin, har ranar da za a bukace shi da gaske ya ƙi ci. Hukuncin bayarwa ko jinkirtawa na wanda ya leƙa kunnen ne, ba na mai tallan magani a kasuwa ko a tasha ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

In an ba da maganin, a shanye shi har ƙarshen kwanakin da aka faɗa, ko da yaro ya warware tun rana ta biyu. Wanda ake damawa, a dama shi da ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a raba wa yara biyu maganin yaro ɗaya, kada kuma a ajiye saura don wata rana. A sayi magani a wurin da aka yarda da shi, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. In bayan kwana 2 ko 3 ba sauƙi, a koma asibiti. In ƙuraje suka feso wa yaro, ko fuskarsa ta kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a tsai da maganin a kai shi nan da nan.

Maganin mura da na tari da ake saya a kanti ba ya warkar da ciwon kunne, bai kuma dace da ƙananan yara ba. Cire belu ma ba ya hana shi, sai dai ya jawo zubar jini da sabon ciwo.

TSANE KUNNE MAI ZUBA

Tsohon ciwo ba ya jin maganin sha kamar sabo. Maganinsa biyu ne: tsane kunnen, da ɗiga maganin da asibiti ya bayar, irin su sifurofuloksasin, na kwana 14. Maganin ɗigawa ba ya aiki a kan mugunya, sai an tsane ta tukuna. Ga yadda ake yi:

1. A wanke hannu da sabulu.
2. A sami ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa, ko takarda mai laushi wadda ba ta saurin yagewa, a murza ta kamar lagwanin fitila.
3. A zura lagwanin a hankali cikin ramin kunnen, ba da tsinke ba, a bar shi ya jiƙe.
4. A zare shi a jefa a wuta ko a masai, a sa sabo, har sai an zaro wanda bai jiƙe ba.
5. A kwantar da yaron kunne mai ciwo na sama, a ɗiga maganin, a ɗan danna tsokar da ke bakin ramin sau da yawa don ya shige, a bar shi kwance 'yan mintoci.
6. A tsane kunnen aƙalla sau 3 a yini, har ya bushe sarai. A sake wanke hannu bayan an gama.

Tsakanin tsanewa da tsanewa kada a cusa auduga a bar ta, domin kunnen na bukatar iska. Sai lokacin wanka kaɗai za a toshe bakin ramin da auduga da aka shafa wa man basilin, a cire da an gama. A hana yaron wanka a kogi, ko tafki, ko kududdufi har likita ya tabbatar tantanin ya haɗe.

Kada a zuba man gyaɗa, ko man ja, ko ruwan albasa, ko ruwan ganye, ko turare, ko kananzir, ko nono a kunnen da ke ciwo. Kada a sa gashin kaza, ko tsinken ashana, ko tsinken tsintsiya. Ko maganin ɗigawa na kanti ma kada a saya da ka, gama akwai waɗansu da in sun wuce ta hujin tantani suna iya lahanta ƙuryar kunne, kurumtar da ke zuwa ta nan kuwa ba ta warkewa.

In an bi duk wannan kunnen bai bushe ba, ko ya bushe ya dawo, ko yana wari ƙwarai, sai a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Haka nan yaron da ciwon ya kama shi sau 3 cikin wata 6, ko sau 4 cikin shekara guda. Akwai irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya da na jihohi, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Suna iya zuƙe mugunyar da na'ura, su binciki ko akwai wani ciwo a jiki da ke hana warkewa, in ta kama kuma su yi aiki su lalle hujin tantanin, ko su cire ruɓaɓɓen nama daga ƙashin bayan kunne.

RUWAN DA KE KWANCIYA BA CIWO

Akwai wani nau'i wanda ba ya zafi, ba ya zuba, don haka ba a cika lura da shi ba. Bayan ciwo ya wuce, ruwa mai kauri yakan rage a bayan tantanin har makonni. Yaron yakan ji magana kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu. Galibi ruwan yakan tafi da kansa cikin wata 3. In ya wuce haka, sai a gwada jin yaron. Wani lokaci likita yakan sa wani ɗan bututu a tantanin domin iska ta shiga, ko ya cire tsokar nan ta bayan hanci.

A nan ne ake yawan zaluntar yara ba da niyya ba. A kira yaro bai amsa ba, a ce raini ne. A aike shi ya kawo wani abu dabam, a ce shashasha ne. A makaranta ya kasa bin karatu, a ce daƙiƙi ne, har a kai ga mari, marin kunne kuwa shi kansa yana fasa tantani. Kafin a hukunta yaro a kan rashin ji, ya kamata a tabbatar yana ji. Jaririn da ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, da ɗan wata 6 da ba ya waiwayar sauti, da ɗan shekara guda da ba ya amsa sunansa, da ɗan shekara 2 da bai fara haɗa kalmomi biyu ba, duk suna bukatar a duba kunnuwansu. Malami kuma ya zaunar da mai raunin ji a gaba, ya fuskance shi in zai yi magana, ya sanar da iyayensa.

RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani. A rahotonta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji ga yara yana zuwa ne ta hanyoyin da za a iya tarewa. Ga abin da kowane gida ke iya yi:

1. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.
2. A tallafo kan jariri sama in ana ba shi abinci. A yi amfani da kofi da cokali, a bar ɗura.
3. A cika allurar rigakafi. A ƙarshen 2014 aka fara yi wa jariran Nijeriya allurar da ke kare su daga ƙwayar nimoniya, wadda tana cikin manyan masu ruɓar da kunne. Ana yin ta a mako na 6, da na 10, da na 14, lokaci guda da wadda ke ɗauke da rigakafin sarƙewar haƙora. Ta ƙyanda kuwa ana yin ta a wata na 9, a maimaita a wata na 15. Duk kyauta ne a asibitocin gwamnati.
4. A nisanta yara daga hayaƙi. A yi girki a sarari ko a madafa mai taga, mai shan taba kuma ya fita waje.
5. A bar iska ta ratsa ɗakin kwana, a rage cunkoso gwargwadon hali.
6. A wanke hannu da sabulu, a share wa yaro majina da ƙyalle mai tsabta.
7. A bar sosa kunne da tsinke. Dauɗar kunne kariya ce, takan kuma fito da kanta.

KIRA GA JAMA'A

Wannan aiki ba na uwa kaɗai ba ne. Uwa ce ke kwana da mai kuka, amma sau da yawa izinin fita da kuɗin mota a hannun maigida suke, shawara kuma a bakin kaka take. Kwana guda da aka jinkirta don jiran izini yana iya zama mako, mako kuma ya kai ga kwana 14. Maigidan da zai yi tafiya ya bar izini da guzuri don irin wannan rana. Kakanni da ungozomomi, waɗanda ake jin maganarsu, su zama su ne masu cewa a tafi asibiti. Masu unguwa da dagatai da shugabannin addini su tunatar da jama'a a wurin suna da sauran taruka. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara an keɓe ta a duniya domin tunawa da lafiyar kunne, dama ce ga makarantu su gayyaci ma'aikatan lafiya su duba yara.

Abin da ake so kowa ya riƙe guda uku ne. Kukan dare bayan mura, a duba kunne. Mugunya a kunne, a je asibiti ran nan, kada a jira kwana 14. Kumburi a bayan kunne, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, a tafi nan take. Wanda ya kiyaye waɗannan ya tsare wa ɗansa jinsa, da bakinsa, da karatunsa.

Allah ya raya zuriya, ya ba kowa lafiya.